Na Yi wa Babana Ƙarya a Kan Jarumin Fim, Shi Kuma Ya Kafa Ni Shaida

Zuwa ga Goggo Laure,

Assalamu alaikum. Goggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Babbar Sallah. Kwana goma sha tara suka rage, ni kuwa ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa, saboda in na karanta da kaina sai in ga ai maganar fim ce. A ce mutum mai shekara talatin da takwas, malamin makaranta, mai mata da 'ya'ya uku, fim ne ya hana shi sukuni! Amma wallahi abin ya wuce fim. Ki yi haƙuri da ni, sai na ɗan yi zagaye kafin in iso wurin.

Ni ɗan Argungu ne, aiki ne ya ajiye ni a Birnin Kebbi. Ina koyar da Turanci a wata sakandare, muna zaune a unguwar Badariya da matata Nazifa. Babana masunci ne, tun yana ƙarami yake cikin gulbi da gorarsa da homarsa ta kamun kifi, kuma ni ne ɗansa na fari. Kin san yadda abin yake a gidaje irin namu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi, ba ya ma haɗa ido da shi. To Baba ya riƙe wannan kunya da hannu bibbiyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son wani abu a wurina sai ya ce da ƙannena su gaya wa "mutumensu". Da na koma Birnin Kebbi sai na zama "mutumen Badariya". Ranar da na kawo masa takardar gama jami'a, ya karɓa, ya juya ta, ya miƙa wa ƙaninsa Baffa Tamba ya ce ya sa albarka. Ban ji haushi ba, haka na tashi na tarar. Amma zan yi ƙarya in na ce ban taɓa hango shi da ƙanena Faruk a bakin gulbi suna ɗinkin koma suna ƙyaƙyata dariya, na ji kishi ya kama ni ba.

Faruk ya rasu shekara uku ke nan. Da damina ne, gulbi ya cika ya batse, kwalekwalen da ya ɗauko mata masu zuwa aikin shinkafa a fadama ya kife. Faruk ya fitar da huɗu, ya koma ɗauko ta biyar. Ita ya tura mata gora ta kama ta tsira, shi bai fito ba. Baba na cikin waɗanda suka shiga nema, kuma shi ya same shi washegari da hantsi. Daga ranar bai ƙara taka ruwa ba, kuma ba wanda ya ƙara jin ya ambaci Faruk, ko da a addu'ar da ake yi a bayyane.

Daga baya yanar ido ta rufe wa Baba idanu biyu, sai dai ya ga haske da inuwa. Wata uku kafin azumin bana na ɗauko shi na kawo shi Badariya don a yi masa aiki. Likita ya auna ya ce jininsa ya hau sosai, ba za a taɓa idon ba sai ya sauka, a ba shi magani, kuma a kiyaye duk abin da zai ɗaga masa hankali. Haka muka zauna mako bakwai muna jiran jini. Ki duba lamarin nan, Goggo: uba da ɗan fari a falo ɗaya, Nazifa kuma suruka ce, ita ma gaisuwa ce kawai daga bakin ƙofa ta wuce. Gidan ya yi tsit kamar ana zaman makoki. Rediyonsa kaɗai ke magana.

Ni kuma ina da wata 'yar ɗabi'a da ba na son ɗalibaina su sani. Ina son finafinan jaruman nan na Turawa masu baiwa iri-iri, waɗanda kowane jarumi yake da nasa fim, labaransu suna shiga cikin juna, sannan a ƙarshe a haɗa su duka a fim ɗaya su yi yaƙi tare. Wata rana bayan la'asar na kunna ɗaya, na rage murya don kada in dame shi. Ana cikin fafatawa sai na ji ya ce, fuskarsa na kallon talabijin, "Wai yaƙin mi aka yi cikin akwatin ga?" Na waiga, ba kowa a falon sai ni. Sai ni ma na kalli talabijin na ce wasu ne suka zo cin gari, wasu kuma suka tare su. Sai ya ce, "To su wa ag da gaskiya?"

Daga nan aka fara. Kullum bayan la'asar zuwa kusan magariba, shi yana tambayar talabijin, ni ina ba talabijin amsa. Ba mu taɓa juyowa mun kalli juna ba, amma Goggo, a mako bakwai ɗin nan mun yi maganar da ba mu yi ba a shekara talatin da takwas. Na koma da shi fim na farko, muka biyo su a jere har goma sha ɗaya. Ni ne idonsa, ni ne tafintansa. Sunayen Turawan sun ƙi zama a bakinsa, sai ya raɗa musu nasa. Wata mai jin motsi daga nesa ya sa mata Mai Kunne. Wani mai rikiɗa ya bi iska ya sa masa Hayaƙi, kuma bai taɓa yarda da shi ba, ya ce duk wanda ba a iya kama hannunsa ba a yin amana da shi. Da na kwatanta masa kayan da suke sawa, ya ce to su waɗannan da wandon da ya ɗame su kamar fatar tarwaɗa, yaya suke tsugunno? Nazifa daga kicin sai da ta toshe baki da gyale. Ya tambaya ko suna salla, na ce ba a nuna ba, ya ce shi ya sa kullum garinsu ke rushewa.

Har al'adar finafinan ya gane. Idan fim ya ƙare aka fara jero sunayen waɗanda suka yi shi, ba a kashewa, don bayan sunayen akan nuna wani ɗan guntu da ke haɗa wannan labari da na gaba. Rana ɗaya na manta na miƙa hannu zan kashe, ya ce, "A bari sunaye su wuce, akwai saura."

Wanda ya fi so shi ne wanda ya sa wa Mai Ɗingishi. Ba ya tashi sama, ba ya fitar da wuta, ƙafarsa ɗaya ma ta taɓa karyewa. Ƙarfinsa a gadon bayansa yake, kuma halinsa ɗaya ne: duk sanda aka ce kowa ya gudu, shi sai ya tsaya ya ƙirga mutane, in ɗaya ya rage ya koma. Da fim ya fara, tambayar Baba ta farko ita ce ko Mai Ɗingishi na ciki. In na ce ba ya ciki sai ya gyara kwanciya ya ce to a dai yi. Na san dalilin da ya sa yake son shi, shi ma ya san na sani.

Jinin ya sauka, aka sa ranar aiki. Ana gobe za a yi, ya ce a ƙarasa na ƙarshen, ba ya son shiga hannun likita da sauran labari a wuyansa. Ni ban taɓa ganin na ƙarshen ba, wallahi da na san abin da ke ciki da na ce wutar lantarki ce ta hana. A ƙarshen fim ɗin wata babbar madatsar ruwa ta fashe a kan gari. Kafin in buɗe baki Baba ya miƙe zaune ya ce, "Wanga ruwa na." Kunnen masunci. Jarumai suka kwashe mutane suka hau tudu, Mai Ɗingishi ya ƙirga, ya ga ɗaya ta rage, ya koma. Ya ɗago ta ya miƙa wa Mai Kunne, ruwa ya rufe shi. Aka jira, aka jira, bai fito ba.

Baba ya riƙe hannun kujera, jijiyoyin hannunsa duk sun tashi. Ya ce, "Ya hito?" Na kalli hannun nan, na tuna maganar likita, na tuna hantsin da aka shigo da Faruk gida. Na ji bakina ya ce ya fito. Ya ce to kukan mi aka yi? Na ce na murna ne. Da ma a nan na tsaya! Sunaye suka wuce, aka nuno abokansa tsaye a kan kabarinsa, sun ajiye sandarsa a kai. Baba ya ce mi anka nuna? Ni kuma, Allah ya yafe mini, na zauna na tsara masa labari tiryan-tiryan: wai ga shi nan zaune a ƙofar gidansa an naɗe masa ƙafa, abokansa sun zo yi masa barka, har yana yi musu faɗa don sun zo hannu rabbana. Baba ya yi dariya, ya sauke numfashi ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Sannan ya ce, a hankali, "Wani bi akan hito." Ranar ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Aka yi aiki lafiya, ido ya buɗe, ya koma Argungu. Na ce a raina shi ke nan, magana ta mutu. Na je Ƙaramar Sallah na gaishe shi, na samu dama har kwana uku in gyara, ban gyara ba. Tsoro ne ya hana ni, ba na ɓoye miki.

Ashe Baba ya koma ya zama mai ba da labari a majalisarsu ta gindin dogonyaro. Mutumin da ya shekara uku ba ya magana sai amsa sallama, yanzu dattawa na matsowa da tabarmi suna jin labarin Mai Ɗingishi fim bayan fim. Ranar Juma'ar da ta wuce ya iso na ƙarshen. Akwai wani Albashir, magidanci ne, shagonsa na cajin waya da tura finafinai na daura da majalisar. Yana jin Baba ya ce Mai Ɗingishi ya fito, sai ya leƙo cikin ladabi ya ce a'a Baba, ai mutuwa ya yi, har kabarinsa an nuna. Baba ya ce bai mutu ba. Albashir ya ce ya kalla sau huɗu, yana ma da wanda aka fassara da Hausa. Samarin da ke caji suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Malam Dankure, abokin Baba tun ƙuruciya, ya ce wataƙila dai mai fassarar ne ya yi kuskure.

Baffa Tamba ne ya bugo mini waya ya ba ni labarin, yana wurin aka yi komai. Ya ce Baba ya miƙe tsaye, ya dubi jama'a, ya kira sunana. Sunana na yanka, Goggo, cikakke, a gaban mutum sama da ashirin. Ya ce, "Shi ya faɗa mini, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba tun da anka haife shi." Baffa ya ce jama'a duk suka zuba masa ido, don kowa ya san bai taɓa faɗar sunan nan ba. Albashir ya miƙo waya ya ce ga shi a duba, Baba ya kau da kai ya ce, "Ba ni kallonai sai da wanda munka fara tare." Ya ce in na zo Babbar Sallah a kawo talabijin gindin bishiya a kunna a gaban kowa, yanzu da idonsa, a ga mai gaskiya.

Baffa yana ba ni labarin yana murna, wai yau dai yayansa ya kira ni. Ni kuwa ina tsaye a bakin ofishin malamai, sai na nemi dakali na zauna. Shekara talatin da takwas ina jiran in ji sunan nan daga bakinsa. Da ya tashi fitowa, ban ji da kunnena ba, kuma a kan ƙaryata ya fito. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba. In na tsaya gaban allo ina yi wa ɗalibai faɗa a kan satar amsa sai in tuna tawa ƙaryar in yanke faɗan.

Ga abubuwan da zuciyata ke saƙa mini, kuma kowanne na fi jin kunyarsa a kan na baya. In kira Albashir in roƙe shi ya yanke ƙarshen fim ɗin, ko ya ce ya goge. Ko in ƙirƙiro wani aiki in ƙi zuwa Sallah. Ko in tura Baffa ya faɗa masa, tunda da ma ta bakin wani muka saba magana. Nazifa ta ce in je in durƙusa in faɗi gaskiya kawai, amma ita ba ta san ban taɓa fara magana da Baba ba, ban san ta inda ake farawa ba. Kuma in na faɗa, ba fim kaɗai zan ɓata masa ba. Zan karɓe "wani bi akan hito" ɗin nan daga bakinsa, in mayar da shi bakin gulbi. In jinin ya sake hawa fa? In ya koma shirunsa fa? In kuma na yi shiru, a gaban abokansa zai gani da idon da na kai shi aka buɗe masa.

Goggo, me zan yi? Kada ki tausaya mini, ki faɗa mini gaskiya.

Naki,
Ɗan Fari daga Badariya

*

Amsar Goggo Laure

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce kada in tausaya maka, to ba zan yi maka rufa-rufa ba, amma tausayi kam sai ka yi haƙuri, ya riga ya shiga.

Ka yi ƙarya, wannan ba musu. Sai dai ƙaryar kashi biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta ranar farko, kana kallon hannun dattijo mai hawan jini ana gobe za a yi masa aiki, ka faɗi abin da tsoro da ƙauna suka sa a bakinka. Mutane da yawa masu gaskiya da sun yi haka, wataƙila har da ni. Ka nemi gafarar Allah a kanta ka wuce. Wadda ta fi damuna ita ce ta kwana ukun Ƙaramar Sallah. Lokacin an gama aiki, ido ya buɗe, jini ya sauka, ba sauran likitan da za ka fake da shi. Wannan shirun ba don Baba ka yi shi ba, don kanka ka yi. Shi ne ya kai shi ga miƙewa a majalisa, kuma shi ne za ka gyara.

Maganar roƙon Albashir ya yanke fim, ka cire ta daga ranka yau. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, cikin ladabi kuma, za ka sa ya zama maƙaryaci a unguwarsu don ka tsira? Kuma samarin da suka yi dariya duk sun san ƙarshen labarin. Za a bar Baba shi kaɗai yana yawo da abin da kowa ya san ba haka ba ne, ana yi masa shiru irin na lallashin yaro. Wannan ya fi dariyar muni. Ƙin zuwa Sallah kuwa gudu ne, kuma zai fassara shi da kansa. Baffa Tamba ma ka bar shi ya huta. Mahaifinka ya tsallake ɗan aike ranar da ya kira sunanka, kada kai ka dawo da shi.

Yanzu bari in auna maka ɗaya ɓangaren, don tsoronka ba na banza ba ne. Gaskiyar za ta yi masa zafi, kuma mai yiwuwa ya yi fushi, ya yi kwanaki bai waiwaye ka ba. Ka shirya wa haka. Amma ina ganin ka raina ƙarfinsa. Mutumin da ya shiga ruwa da kansa ya ɗauko ɗansa ba fim ne zai koya masa cewa wani lokaci ba a fitowa ba. Kuma ka yi tunani a kan wannan: wanda ya gane ƙarar ruwa kafin ka buɗe baki, kana jin bai san bambancin kukan murna da na rashi ba? An miƙo masa waya, idonsa garau, ya ƙi dubawa. Ban ce ya sani ba, Allah kaɗai ya san zuciyarsa. Amma ko ya sani ko bai sani ba, abin da ya nema a fili yake: ya ce da kai zai kalla. Ya ba ka wuri ka zo ka gyara da bakinka.

Ga abin da za ka yi. Kada ka jira Sallah. Asabar ɗin nan ka tafi Argungu kai kaɗai, ka tabbatar yana shan maganinsa, in kana da shakka ka fara tambayar likitansa. Ka ce ba ka san ta inda ake fara magana da shi ba. Ka sani mana, mako bakwai kuna yi. Ka ɗauki fim ɗin, ku shiga ɗakinsa bayan la'asar, ku zauna yadda kuka saba, kowa na kallon gabansa. Kafin ka kunna, ka faɗa. Kada ka bari hoto ya riga ka, don in ya gani kafin ya ji daga gare ka, kama ka aka yi, ba faɗa ka yi ba. Gajeriyar magana ta isa: ranar nan na ji tsoro saboda jininka, na faɗi abin da ba haka ba, bai fito ba, ka yafe mini. Kada ka yi ta jero hujjoji kamar kana gaban aji.

Sannan majalisa. A bainar jama'a ya tsaya maka, a bainar jama'a za ka sauke masa nauyin. Ka nemi izininsa, ka je gindin bishiyar nan ka gaida dattawa, ka ce Baba bai faɗi komai ba sai abin da ka faɗa masa lokacin ba ya gani, kuskuren naka ne, Albashir ke da gaskiya. Ka ba Albashir hannu. Za a ɗan yi maka dariya, wataƙila a sa maka suna ya bi ka shekara biyu. Ka ɗauka, malamin Turanci ba ya mutuwa don an yi masa dariya. Dattawan nan duk iyaye ne, da sun ji dalilin za su gane, kuma mutuncin Baba zai dawo inda yake.

Game da sunanka, daina cewa a kan ƙarya ya fito. Ya fito ne a kan shekara talatin da takwas da ya yi yana lura da kai ta gefen ido bai kama ka da ƙarya ba. Rana ɗaya ba ta share wannan, sai in ka bar ta ta zama hali.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duka. In bayan ka faɗa ya ce a kunna, ka kunna, kada ka tsallake wurin ruwan. Mai yiwuwa ya yi kukan da ya shekara uku yana haɗiyewa. Tarbiyyarka za ta ce ka tashi ka fita ka ba shi wuri, don ɗan fari ba ya ganin hawayen uba. Kada ka tashi. Kai ma ƙaninka ne, kai ma ba ka yi kukansa a gaban kowa ba. In ya ambaci Faruk, ka amsa. In bai ambata ba, ka zauna har a kira magariba ku tafi masallaci tare.

Allah ya jiƙan Faruk, ya karɓi shahadarsa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da hasken ido, ya sanyaya zuciyarsa a kanka, kai kuma ya ba ka ƙarfin hali. Ka gaishe mini da Nazifa, ta fi ka gaskiya. Argungu ba nisa, ɗana. Asabar da safe ka kama hanya.

Taku,
Goggo Laure